Amsa kan zanen Turawa biyu masu yanka duniya a faranti

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko zanen nan na Turawa biyu da suka ɗora duniya a faranti suna yanka, hoton rabon Afirka ne na taron Balin. Ba shi ba ne. An yi taron Balin daga 1884 zuwa 1885, shi kuwa wannan James Gillray ne ya zana shi a Landan a watan Fabrairun 1805. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma da wuya in nuna wa aji shi ba a ce min Afirka ake rabawa ba.

Nakan ce wa ɗalibai su bar fuskokin tukuna, su bi wuƙaƙen. Dogon siririn nan William Pitt ne, firaministan Ingila. Ya kafa cokali mai yatsu uku a tekun Atlantika, yana yankar ruwa ta ɓangaren tsibiran Karebiyan, inda bayi ke noma raken da ake yin sukari. Gajeren mai hula da gashin tsuntsu Napoleon ne, sarkin Faransa, ya zare ido, zumuɗi ya hana shi zama daram, yana datse Turai da takobi. To ka ga ɗaya ya ɗauki ƙasa, ɗaya ya ɗauki hanyar fatauci, kuma mai ruwan ne ya fi riba. A watan Oktoban shekarar sojan ruwan Ingila suka farfasa jiragen Faransa da Sifaniya a Tarafalga. A 1806 Napoleon ya haramta wa Turai ciniki da Ingila don ya karya ta ta aljihu, sai fasa-ƙwauri ya buɗe ta ko'ina.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar irin zanen nan tamkar shaidar gani da ido. Haja ce ta sayarwa. A shagon Hannah Humphrey ake baje su, masu kuɗi su saya, talakawa su yi cincirindo a bakin taga suna kallo kyauta. Gillray kansa ya taɓa karɓar kuɗin gwamnatin Pitt na wasu shekaru. Ko gajartar Napoleon da ta zama abin faɗa, alƙalaminsa na cikin waɗanda suka yaɗa ta, alhali mutumin matsakaici ne a zamaninsa.

Tun kafin shi William Hogarth, wani mai zane ɗan Ingila, ya yi haka a 1748, bayan an kama shi a Kale, garin Faransa na bakin teku, ana zargin ɗan leƙen asiri ne don yana zana ƙofar garin. Da ya koma gida sai ya rama da buroshi: kuku na rangaji da ƙaton tsokar naman shanun Ingila, ramammun sojojin Faransa na haɗiyar yawu a kan romo tsararo, ga wani fadan coci mai tumbi yana shafa naman da yatsa.

Gasar ƙasashen biyu ta iso mu daga baya. A 1890 suka ja layin iyaka daga Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi har 1906, Katsina ta faɗa hannun Ingilishi, Maraɗi da Damagaram hannun Faransa. In zanen zamanin rabon Afirka kake nema, bincika na rikicin Fashoda na 1898, lokacin da Ingila da Faransa suka yi fito-na-fito a bakin kogin Nilu, ka haɗa na jaridun Landan da na Faris ka duba su gefe da gefe.