Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗora wa laifin sikilar ɗanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce likita ya tabbatar da cewa ɗanki SS ne, dangin mijinki sun ce daga gidanku ciwon ya fito, wasu kuma suna lallashinki da cewa tunda kun haifi mai sikila ɗaya, to 'ya'ya uku masu zuwa lafiyayyu ne. Duka maganganun biyu an faɗa mini su a nan Gombe, kuma babu gaskiya a ko ɗaya. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya ƙara miki juriya.

Kowane ɗan Adam yana da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jikinsa, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma ƙwayar gadon da ke tsara himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, tana kan na 11. Saboda haka kowa yana da guda biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S, wato nau'in ƙwayar gadon da ke kawo sikila, daga mahaifiyarsa, ya kuma karɓi S daga mahaifinsa. Mai AS galibi ba ya jin komai domin A ɗin da yake da shi, wato lafiyayyen nau'in, yana wadatar da shi, shi ya sa S kan bi zuriya kaka da kakanni ba tare da an sani ba, ga shi kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi.

Tawa 'yar ba ta shekara ba hannayenta da ƙafafunta suka kumbura cikin sanyin hunturu, tana wani irin kuka da har yau nakan ji shi a kunnena. Tana kwance ana ƙara mata jini yayar mijina ta shigo, ba ta ko dubi gadon ba, ta ce a gaban ma'aikatan jinya su dai a zuriyarsu ba a san wannan ciwo ba, ni na kawo musu. Ta juya ta ce wa ƙaninta ya nemi mace mai lafiyayyen jini tun da sauran ƙarfinsa. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma wallahi shirun nan ya fi maganarta yi mini ciwo. Hujjarsu ita ce takardar da wani ƙaramin ɗakin gwaji ya ba shi kafin aurenmu, wadda ta ce shi AA ne. Da likitar yarinyar ta matsa aka sake gwada shi, sai ga AS. An kai wa yayar tasa sabuwar takardar har gida, amma ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, kuma har yanzu idan ta zo gaisuwa takan dubi yarinyar ta girgiza kai. Na yafe don Allah, amma mantawa ta gagare ni.

Don haka ki roƙi maigidanki cikin ladabi ku je babban asibiti tare, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a sake gwada jinotayif ɗinku, wato gwajin da ke nuna AA ko AS ko SS, kuma ya ji bayanin daga bakin likita, domin abin da za ki faɗa a kira shi rashin kunya, likita zai faɗa a yarda. Kada a ruɗe ki da takardar rukunin jini, wato su O da A da B, wannan wani gwaji ne daban.

Batun 'ya'ya uku masu zuwa kuwa, shi ya fi tayar mini da hankali, domin ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Idan AS ta auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin ɗari a sami SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai. Kamar ƙwarya ce mai goro huɗu, uku farare ɗaya ja, ki rufe ido ki ɗauki ɗaya, sannan ki mayar da shi kafin ki sake ɗauka. Jan, wato SS, zai iya fito miki sau biyu a jere. Irin wannan rashin sani ne ke sa a zargi mace da haihuwar 'ya'ya mata, alhali ita kuromosom X kaɗai take bayarwa, daga namiji X mai kawo mace ko Y mai kawo namiji ke fitowa.

Ki kula da shan ruwansa sosai, ki rufe shi da kyau lokacin sanyi, ya kwana cikin gidan sauro, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki kai shi asibiti. Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, ta mai lafiya kuwa kusan 120, shi ya sa jininsu ke saurin yin ƙasa ake ba su folik asid. Ki tambayi likita game da maganin haidiroksiyuriya, domin tawa ta sami sauƙin yawan tashin ciwon da shi, amma kada ki saya da kanki, sai ana bibiyar jinin. Duk jaririn da kika sake haifa kuma a gwada shi tun da wuri, kada a jira kumburi, saboda a watannin farko himoglobin ɗin da ya zo da shi daga ciki yana ɓoye alamun ciwon.