Amsa ga mai neman F-250 ko Ram don jan tarakta

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, in na fahimce ka daidai, kana da tarakta Massey Ferguson 375 da haro, kana haya da ita tsakanin Kware, Wurno da Goronyo, wani lokaci har Illela, kuma ka gaji da tuƙa ta a kan kwalta tana cinye taya. Dillali daga Legas ya turo maka hotunan mota biyu masu shan gas, wato dizal, Ford F-250 ta 2005 da Ram 2500 ta 2014, kana tambayar wacce ta fi ƙarfin ja. Ni aikin haƙar rijiyar burtsatse nake yi, kuma na daɗe ina jan kwamfuresa da tankin ruwa da Dodge Ram 2500 ta 2004 mai injin Cummins 5.9, giyar hannu. Daga nan zan ba ka amsa.

Batun ƙarfi ka cire shi daga ranka, duka biyun za su ja. Taraktarka tana tsakanin tan biyu da rabi zuwa uku, ka ɗora haro, ka ƙara nauyin ita kanta tirelar, za ka tashi kusan tan biyar. Masu ce maka ka sayi Hilux kawai ka huta ba su yi wannan lissafi ba, don ko sabuwar Hilux iyakarta tan uku da rabi, haka ma Land Cruiser da muke kira Buffalo. Saboda haka tunaninka na babbar mota yana kan hanya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wacce za ta jure gas ɗin da muke samu a Sakkwato, kuma in ta tsaya maka a bayan Achida wa zai iya taɓa ta.

Ita F-250 ta 2005, injin da ke cikinta shi ne Power Stroke 6.0, wanda Ford ta yi amfani da shi daga 2003 zuwa 2007. Ko a Amurka sunansa ya ɓaci. Akwai wani ɗan akwati da ke sanyaya man juye da ruwan lagireto, hanyoyinsa ƙanana ne, datti yana toshe su. In ya toshe, ruwa ba ya isa ga mai sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, wanda ake kira EGR, shi kuma sai ya tsage, ruwa ya shiga inji, daga nan sai gasket ɗin kan inji. Ciwo ɗaya ke jawo ɗaya. Ƙari a kan haka, nozul ɗinsa da matsin man juye suke aiki, wato duk ranar da anka zuba maka man juye na jabu ko ka yi jinkirin juye, nozul ne za su biya. Yanzu ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu a nan, lokacin da ake wuce digiri 40, ga tan biyar a baya. Akwai waɗanda masu su a can sunka gyara waɗannan wurare, sunka canza ƙusoshin kan inji, kuma irin waɗannan suna aiki lafiya. Amma sai ka ga rasit. In maganar baki ce daga dillali, ka bar masa motarsa.

Akwai ma wani abu game da ita. Dokar kwastan ta hana shigo da mota da ta haura shekara 12 da ƙerawa, a da 15 ne, kuma a Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. To motar 2005 da ake ce maka yanzu ta sauko daga jirgi, ta ina ta bi? Ko dai ta daɗe tana aiki a Najeriya an yi mata wanka da fenti, ko takardunta na da magana. Daga Legas zuwa nan ta Kontagora da Yawuri da Jega, shingen kwastan ba ɗaya ba ne, kuma ba dillali za su tsare ba.

Ram ta 2014 labarinta daban. Injinta Cummins 6.7 ne, ƙashinsa mai kyau, ba ni da abin cewa a kansa. Matsalar tana cikin kayan da anka rataya masa don tsabtace hayaƙi. Tun 2006 Amurka ta koma gas mai ƙarancin salfa, kashi 15 cikin miliyan, sannan daga 2007 motocin nan sunka fara zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ake kira DPF. Gas ɗinmu ya daɗe yana ɗauke da salfa da ta ninka wannan sau da yawa. An samu sauƙi tun da matatar Ɗangote ta fara sayar da gas a 2024, amma kai da za ka riƙa shan mai a ƙauye, wani lokaci daga jarka, ba ka da tabbacin abin da ke shiga tankinka. Matatar tana toshewa, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi, ka taka totur ka ji kamar an riƙe ta. Sannan daga 2013 Ram tana da wani tanki na daban na ruwan DEF, wanda wasu ke kira AdBlue, ana fesa shi cikin salansa don tsabtace hayaƙi. In ya ƙare ko na'urar da ke auna shi ta lalace, motar za ta yi ta gargaɗi, daga baya ta hana ka gudu gaba ɗaya. Ruwan nan ba ya son zafi, in ya daɗe a rana lalacewa yake. Kuma tunda kai manomi ne, na san abin da zai zo maka a rai in ka ji cewa yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a ruwa mai tsabta. Kada ka soma jiƙa takin yuriya na gona ka zuba. Wannan ba irin wancan ba ne, zai kashe famfon da abin da ke cikin salansar.

Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci da ke yawo a Najeriya an riga an cire musu kayan nan an sake wa kwamfutar tsari. Ka tambaya kai tsaye ko an yi, kuma wa ya yi. Na ga wadda anka yanke salansa kawai anka bar kwamfuta tana neman abin da babu, fitilu sun cika dashbod, mai ita ya rufe su da baƙin salatif. Na kuma ga wadda anka ƙara wa ƙarfi fiye da kima, ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi, ba a jima ba giyar ta miƙa wuya.

Abu ɗaya da ya yi wa Ram ta 2014 kyau shi ne famfon gas ɗinta, CP3 ne, irin wanda ke cikin tawa, mai haƙuri. Wannan ka riƙe shi ko da dillalin ya kawo maka wata motar daban. Ford mai injin 6.7 daga 2011, da Chevrolet ko GMC mai injin Duramax daga 2011 zuwa 2016, da Ram ta 2019 da 2020, sun fito da famfon CP4. Shi wannan gas ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne man shafawarsa. In an gauraya gas da kananzir, ko ruwa ya shiga, ƙarfe ke goga ƙarfe, garin ƙarfen ya bi layi ya shiga nozul duka, ya koma har tanki. Ba famfo kaɗai za ka canza ba, sai duk hanyar man. A wurin da ba ka da iko da abin da mai gidan mai ya sauke a tankinsa, ni ba zan kwana da wannan fargaba ba.

Da ni ne da kuɗin a hannu, zan ce wa dillalin ya nemo Ram 2500 ko 3500 ta 2003 zuwa farkon 2007 mai Cummins 5.9, ko Ford ta 1999 zuwa 2003 mai injin 7.3, cikin waɗanda sunka riga sunka shigo da takardunsu cikakku. Ba su da DPF, ba su da DEF. Dalilin da ya sa nake fifita Cummins ba son kai ba ne. Dangin wannan inji suna cikin janareto, suna cikin motocin gini, suna cikin manyan motocin China da ke zirga-zirga a ƙasar nan, don haka bakaniken da ya saba da manyan motoci in ya buɗe bonet ba baƙon abu zai gani ba, silinda shida ne a jere, hannu na shiga ko'ina. Filta, bel, famfon ruwa, ringi, ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Abin da ke wahala kayan jiki ne da na ƙafa: fitila, gilashi, bol-joyin, na'urorin lantarki. Waɗannan sai an yi oda, motar ta yi zaman jira. In ka ga Ram ta tsakiyar 1998 zuwa 2002 ka yi hattara, famfonta VP44 ne, yana mutuwa da zarar ƙaramin famfon da ke turo masa mai daga tanki ya yi sanyi.

Giyar Dodge ta atomatik ta waɗannan shekaru ita ce lagonta, injin ya fi ƙarfinta. In ka samu giyar hannu ka riƙe. In atomatik ce, ko ta 2014 ɗin ce, ka zaro sandar man giya ka sansana. Ja mai haske lafiya, in ya yi duhu yana ƙauri an dafa shi. Ka ƙara mata lagireton man giya babba tun kafin ka fara aiki.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi Legas da kanka da bakaniken gas, ba na fetur ba, da mai na'urar karanta kwamfutar mota. Ku isa da sassafe ku taɓa injin ku tabbata da sanyinsa, don mai sayarwa da ya san motarsa na wahalar tashi zai ɗumama ta kafin ku zo. In ta tashi, buɗe murfin zuba man juye ka kife shi a kan bakin. In ya zauna yana ɗan rawa ba komai, in iska ta tunkuɗe shi ƙasa ringi sun tafi. Lambar tafiyar da ke dashbod mil ce ba kilomita ba, mil 200,000 kilomita 320,000 ke nan, kuma ana murɗa ta. Ka sa a nuna maka awannin injin, don motar kamfanin da ta yini a kunne a wurin aiki tana iya nuna tafiya kaɗan alhali injin ya tsufa. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka biya a binciko maka tarihinta a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka, da yawansu daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya anka sayo su. Ka shiga ƙarƙashi da guduma. Motocin jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Ohayo, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shasinsu na ruɓewa, kuma baƙin fenti sabo a ƙasan tsohuwar mota abin tuhuma ne. Na Tekzas da Arizona sun fi tsabta. A gwajin tuƙi ka nemi wuri mai gargada ka bi da ɗan gudu. Ram da Ford masu fowil suna da wata rawar sitiyari mai ban tsoro in kayan ƙafar gaba sun saki, kuma hanyoyinmu za su tono ta ko ba daɗe ko ba jima.

Yanzu ga wanda ba ka tambaya ba, kuma shi ne ya fi damuna: tirelar. Mutanenmu za su kashe miliyoyi a mota, sannan su kai wa mai walda tsohon gatarin mota ya haɗa musu bodi ba birki. Tan biyar ba birki a bayan mota mai tan uku da 'yan kai, ranar da ɗan acaba ko garken shanu ya ratso maka a Kware, tirelar ce za ta tuƙa ka. Dole ta zama mai gatari biyu, da birkinta, da na'urar da ke haɗa shi da birkin motar, da sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana, da fitilun baya masu aiki, ko don 'yan rod sefti ma. Ram ta 2014 tana da birkin salansa daga kamfani, wanda ke riƙe mota a gangara ba tare da ka ƙona birki ba. Tawa ba ta zo da shi ba, kuma wannan maki ne ga ta 2014. Wurin ɗora taraktar ma ilimi ne. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar mota. In ka tura taraktar baya sosai, tirela za ta fara wutsiya da zarar ka ɗan yi gudu. Tirelar da ake ƙulla wa a tsakiyar bodin mota, saman gatarin baya, ta fi natsuwa nesa ba kusa ba, in za ka iya kuɗinta. Taya kuma ka duba ka ga an rubuta Load Range E, wadda ke ɗaukar iska har 80, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da anka yi ta. Tayar Beljiyam mai kyan fuska da ta shekara bakwai ba ta jure kwaltar Illela da azahar.

Cin mai kuwa, da kaya a baya ni ina ganin lita 20 zuwa 25 a kilomita 100. Sakkwato zuwa Illela kusan kilomita 85 ne, ka lissafa zuwa da dawowa da farashin gas na yau, ka gani ko kuɗin hayar da kake karɓa zai ɗauke shi. Juye ɗaya na Cummins kusan lita 11 ne na man juye mai lamba 15W-40, motar kuma batir biyu gare ta. Na ƙara wa tawa matatar gas mai raba ruwa kafin ta kamfani, ina tsiyaye ta a kai a kai, kuma lokacin hunturu filtar iska ba ta kai rabin kwanakin da littafi ya ce. Gidan mai ɗaya nake sha, wanda manyan motoci ke layi a cikinsa, don mansa ba ya kwana.

Tsakanin biyun da anka turo maka, Ram ce, in ta tsallake binciken nan kuma an san halin da kayan hayaƙinta ke ciki. Amma ka sa wa dillalin kwana kaɗan ya nemo 5.9 tukuna. Kafin nan, ka ce ya ɗauko maka hoton takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, da lambar shasi, da takardar biyan kwastan, da bidiyon tashin injin da safe ana nuna bakin salansa. Ka turo su nan mu duba tare, ka kuma faɗa mana ko kana da tirelar ko yanzu za a ƙera.