Wankin latas da sautin da kunne ba ya ji

Tambaya: Malam, da gaske ne ana wanke ganye da sauti da man kanumfari?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Listeria kan lulluɓe kansu da yauƙi a jikin ganye, ɗauraya ba ta cire shi. Akwai wata na'ura da ke sakin sauti mai kilohaz 20 zuwa 40 (wato girgiza sau dubu 20 zuwa dubu 40 a daƙiƙa) cikin ruwan wankin, ƙananan kumfa su riƙa tashi suna fashewa, su ɓamɓare yauƙin, su raunana fatar ƙwayar. Sai sinadarin yujinol na kanumfari ya kutsa ciki ya kashe ta.

A kula: mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai an kaɗa shi ya zama kamar madara. In aka zarce 'yan mintoci ruwan zai ɗumama, latas ya yi yaushi. Man kuma in ya yi yawa, ƙamshinsa zai danne abincin.