Filin Tambaya da Amsa: Adireshin kakana a Libaful

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Muna gyara ɗakin marigayiya kakata sai na tsinci wata tsohuwar ambulan da kakanmu ya aiko mata daga Ingila, hatimin jikinta 1956, a baya ya rubuta lambar gida da sunan layi a garin Libaful. Ya rasu tun babana yana yaro, abin da muka sani kawai shi ne ya yi zama a can. Shin wannan adireshin zai iya kai ni wani wuri? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya jiƙan su duka. Ki adana ambulan ɗin nan sosai, ki ɗauke ta a hoto gaba da baya tun yau, domin wallahi adireshin ya fi miki sunan amfani.

Abin da za ki nema shi ne rajistar masu zaɓe. A Ingila tun 1832 ake buga ta kusan duk shekara, in ban da 1916 da 1917 da kuma 1940 zuwa 1944 saboda yaƙi, kuma a 1956 Najeriya na ƙarƙashin Birtaniya, sai dai ba duk ɗan Najeriya ne doka ta ba damar shiga ciki ba, sai wanda ya kai shekara 21 yana zaune can kuma yake da matsayin ɗan ƙasar Birtaniya, kamar haifaffen Legas, ƴan Arewa kuwa galibi ƙarƙashin kariyar Birtaniya kawai suke, don haka ba lallai ne ki samu sunansa ba. A birane ba a jera ta bisa harafin suna, mazaɓa ce, sai layi, sai lambar gida. Shi ya sa wanda ya je da suna kaɗai yake shan wahala, balle sunan namu da Bature zai rubuta yadda kunnensa ya ji, Muhammadu ya koma Mohamed, Garba ya koma Garuba, wani lokacin ma a juya sunan uba ya zama na ɗa. Ke kuwa layi kawai za ki buɗe ki gangara da yatsa har lambar gidan.

Kada ki tsaya a 1956. Ki koma baya shekara-shekara har sunansa ya ɓace, ki sake yin gaba har ya ɓace, nan za ki gane tsawon zamansa a gidan. Sai dai ki tuna a lokacin a Oktoba ake tattara sunaye, rajistar ta fara aiki a Fabrairu, don haka tana iya makara da shekara guda. Sannan don Allah ki rubuta sunayen duk waɗanda ke gidan tare da shi, ni nan ne na fi damuwa, galibi gidajen haya ne ɗaki-ɗaki, za ki iya ganin wani Bahaushe ko Bayarabe abokin zamansa, ko wata mata mai ɗauke da sunansa, wanda hakan wata magana ce da sai kin shirya mata zuciya. Rajistar ba ta faɗin dangantaka ko shekaru, yara ma ba sa ciki, kada ki yanke hukunci da ita kaɗai sai kin haɗa da takardar aure ko ta haihuwa.

Ta Libaful tana ɗakin adana tarihi na babban laburaren birnin, British Library, wato babban laburaren ƙasar da ke Landan, kuma tana da ta ƙasar baki ɗaya daga 1947. Shafukan Ancestry da Findmypast sun ɗora wasu a intanet amma da kuɗi, kuma ba kowane gari ko kowace shekara ba, gara ki tura wa laburaren Libaful imel da adireshin da shekarun da kike so, ko ki roƙi wani ɗalibi namu da ke can ya leƙa miki. Idan ba ki ga layin a taswirar yanzu ba kada ki karaya, an rushe tsofaffin unguwanni da yawa a Libaful a shekarun 1960 da 1970, amma layin na nan a takarda. In kuma an duba babu sunansa, mai gidan ne ƙila bai saka ƴan haya a fom ba, sai ki riƙe sunan mai gidan ki bi ta nan.