Me ya sa dattawan Yorkshire ba sa manta 'yan zari-rugar da ba su yi suna ba?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina aiki a Leeds da ke yankin Yorkshire na Ingila, dattawan wurinmu in suka zauna hirar zari-ruga irin ta League sai su yi ta kiran sunayen 'yan wasan shekarun 1970 da 1980, in na duba intanet sai in ga ba wasu shahararru ba ne. Ga shahararru irin su Ellery Hanley da Martin Offiah, me ya kai dattawan ga waɗancan?

Amsa: Ɗan'uwa ai maƙwabtansu suke tunawa. Tun asali wasan nan na ma'aikata ne, a 1895 kulob-kulob na arewacin Ingila suka taru a George Hotel da ke Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta Ingila suka kafa tasu, wadda ta zama League, kan maganar a riƙa biyan ɗan wasa kuɗin aikin da ya rasa ranar wasa. Kuma har zuwa 1996 da aka fara babbar gasar Super League yawancin 'yan wasa suna da sana'arsu, wani mahaƙin kwal, wani magini, wani direba, da yamma su je atisaye, ranar wasa a miƙa musu ambulan, in an ci kuɗin da ɗan kauri in an sha kashi kuwa sai haƙuri.

To ka ga mutumin da ka kalla ran Lahadi cikin taɓo da sanyin hunturu, ya rungumi ƙwallo ya afka wa ƙarti uku, hanci a karye kunne ya kumbura, Litinin da asuba kuma ga shi kusa da kai za ku sauka ramin kwal ido a kumbure yana ɗingishi, wannan ta yaya za ka manta shi? Ni wallahi irin waɗannan sun fi burge ni. Mutum 13 ne a fili, mai gudu a gefe shi ke sauke ƙwallo a yi masa tafi, amma na gaba su ke shan duka suna cin fili taku-taku kafin kamu shida ya cika ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, kuma ba mai sa hotonsu a jarida.

Dubi Featherstone Rovers, kulob ɗin wani ɗan ƙaramin garin kwal ne, a 1983 suka je Wembley suka doke Hull 14 da 12 a wasan ƙarshe na Challenge Cup, alhali Hull cike take da taurari. Steve Quinn ne ya buga fenaritin da ya raba gardama. A waje ba kowa ya san shi ba, amma je garin ka ambaci sunansa ka gani.

Yanzu ma kulob da yawa suna ba duk wanda ya taɓa buga musu lamba ta tarihi, ko da wasa ɗaya ya yi. In dattawan suka sake kiran wani suna, tambaye su inda yake aiki a lokacin, za ka sha labari har shayinka ya huce.