Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan “yesterday” da “before”

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni, don na san wannan ruɗanin. Kin ce an kashe miki amsa da kika kira kalmar Turanci “yesterday” bayanau (wato adverb, kalmar da ke ƙara bayani kan aikatau), alhali haka ƙamus ya nuna. Ba laifinki ba ne. Laifin masu sa yara haddar jerin kalmomi ne, su ce wannan suna ne har abada, wancan bayanau ne. Har yau abin yana ƙona mini rai, yaro ya yi karatu tsakani da Allah, ya shiga jarrabawar WAEC da ƙa'idar da ba ta cika ba, maki ya zube, ya koma gida yana zargin ƙwaƙwalwarsa.

Aikin da kalma take yi a jimla shi za ki duba. A “I came yesterday” tana faɗin lokacin zuwa, bayanau ce. A “Yesterday was Friday” ita ake magana a kai, ta zama suna.

Ita kuwa “before”, dubi abin da ya biyo ta. “Before noon”, suna ne a bayanta, to harafi ce mai jan suna, wato preposition. “Before the train left Rigasa”, ga mai aiki ga aikatau, nan mahaɗi ce, wato conjunction, mai haɗa sassan jimla. “I have seen him before”, ba komai a bayanta, bayanau. Haka “after” da “since” suke, gwada su ki gani.

Don Allah ki yar da batun nan na cewa duk kalmar da ta ƙare da -ly bayanau ce. “A daily paper” sifa, “it comes daily” bayanau. “Early” ma haka. “Lately” kuma ba makara take nufi ba, kwanan nan take nufi.

Af, ga wani kuskuren da nake yawan ji ko a Kasuwar Bacci: “on last week”. Idan last, next, this ko every suka zo, ba a sa on ko in. “Week” suna ce, amma “last week” gaba ɗaya aikin bayanau take yi. Idan babu last, next, this ko every sai a ce at 7 o'clock, on Monday, in June, haka kuma on Monday morning.

Turo jimlar da aka kashe miki yadda take, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.