Ina So in Sayi Fili a Kuje in Ajiye wa 'Ya'yana

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kubwa. Na tara kuɗin adashi, wani dillali kuma ya nuna mini fili a bayan garin Kuje, ya ce takardar mai unguwa ta wadatar. Shin in saya in ajiye har shekara 15?

Amsa: Malama, Allah ya sanya albarka a wannan niyya, amma ina roƙonki kada ki biya ko kwabo a kan takardar mai unguwa. Ƙasar Abuja duka, har da Kuje, tana hannun gwamnatin tarayya ne, kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon raba ta. Na ga gidajen da aka shafa wa jan fenti a bango, bayan 'yan kwanaki katafila ta zo ta rushe su, masu su na tsaye riƙe da irin wannan takarda.

Ki nemi lauya ya je ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya binciki lambar filin, a tabbatar da sunan mai shi da abin da aka ware wurin dominsa, sannan ki kai safiyo ya duba duwatsun iyaka a kan idonki.

Ajiyewar kanta tana da nauyi, domin takardar mallaka ta shekara 99 tana zuwa da harajin ƙasa na kowace shekara da sharaɗin yin gini cikin wa'adi, kuma gwamnati tana ƙwace filin wanda ya saɓa. Idan kin saya, ki kewaye shi da katanga, ki riƙa leƙawa.